Baba Clement, Mai Jerin Duwatsun Bakin Dam

Kafin mai koko ta sauke tukunya, Baba Clement ya riga ya tura baronsa ya gangara bakin dam ɗin bayan Dayi. Dutse ɗaya-ɗaya yake ɗauka, ya juya, ya sake juyawa kamar mai zaɓen doya a kasuwa, sannan ya ɗora. Ba siminti, ba laka. Tsakanin dutse da dutse sai ya bar kafa.

Sayar da kayan keke ya kawo shi ƙasar nan tun yana saurayi, daga garinsu can bakin teku. Shekarar da iskar damina ta riƙa koro ruwa yana hawa gaɓa yana cin lambunan mata, shi ya rufe shago ya fara wannan jeri. Barakatu mai albasa, wadda lambunta ke baki-baki, ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban Titi, katanga kake mana ko rariya?"

Ya ce, "Hajiya, ruwa in ya tarar da bango sumul, hawa yake yi. In ya samu kafa, sai ya shiga ya gaji. Haka ubana ke yi."

Albasarta ba ta sake nutsewa ba. Tun daga nan kwanon tuwo ke fita daga gidanta zuwa wurinsa kullum, wai sadaka. To, Allah ya karɓa. Mu dai ba mu taɓa ganin sadaka da man shanu har haka ba.

Da la'asar yakan zauna kan jerin ya lumshe ido, ruwa na shiga yana fita cikin duwatsu, ɓul-ɓul. Ya ce kukan irin na gida ne. Bana gwiwa ta ƙi, 'yarsa Titilayo za ta zo ta mayar da shi garinsu bayan girbi. Barakatu kuwa hayaƙin murhu ya matsa wa idonta kwanan nan.

Kai ne baƙon da ya fi ɗan gari sanin halin ruwanmu, Baba Clement. Shekara da shekaru kana kewar tekunku, kana hucewa a bakin dam ɗinmu. Yanzu kewar ta dawo kanmu. Mun gode, Allah ya kai ka lafiya.

Sai dai na ji Isah shugaban samari ya tara buhunan siminti, wai za su shafe jerin tas su rubuta sunanka a jiki, karramawa ke nan. Isah, ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Kuna toshe kafofin nan, baɗi ruwa zai haura ya kwashe lambunan mata. Mai son karrama tsohon nan ya je ya tsuguna kusa da shi ya koyi jeri, tun motar Titilayo ba ta iso ba.