Gidan Sauro a Kan Tafkin Alhaji Bello

Har yau ban manta da ranar da Oga ya tura ni Kalgo duba kifin Alhaji Bello ba. Damina ce, a shekarata ta huɗu da kama aiki, ina mataimakin jami'in kiwon kifi a Gwandu, mataki na bakwai. Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, mu ne malaman gona na masu kifi: mu duba tafki, mu auna ruwa, mu ba da shawara. Jami'in Kalgo ya tafi hutu, Oga ya ce, "Sani, tsohon hedimastana ne. Kada ka kunyata ni."

Na hau babur ina jin kaina, don lokacin kaina ya cika da karatun littafi.

Alhaji Bello ya yi ritaya, ya gina tafkin siminti a lambunsa na bayan gari ya zuba tarwada. Na tarar da shi fuska a murtuke, ga matattun kifi a bokiti. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya nuna shinge da sanda.

"Ba sai ka wahala ba, ɗana. Wancan ne. Mamman."

Malam Mamman shi ne mai lambun da ke maƙwabtaka, kuma taubashinsa ne. Tun suna yara suke tsokanar juna, tare suke zuwa masallaci, tare suke cin tuwo. Ashe ranar da aka zuba kifin, Mamman ya leƙo ya ce, "Aradu sai na ga bayan kifin ga!" Kowa ya yi dariya. Da kifi ya fara mutuwa, sai Alhaji ya tuna maganar, ya kuma tuna Mamman na feshin magani a barkononsa. Kwana goma ke nan ba ya amsa sallamarsa, har matansu sun daina aika wa juna kwano. Abin ya dame ni ƙwarai, don zumuncin shekara sittin ne zai mutu a kan tarwada.

Na bi ƙa'ida. Na auna ruwa, lafiya lau. Na shinshina abinci na murza, babu fumfuna. Na tsaga kifi biyu, babu ƙuraje babu tsutsa. Na zagaya shinge, sai na ga lambun Mamman ma a gangare yake, ruwansa ba ya hawowa nan sai dai in ya koyi hawan tudu. Na faɗa wa Alhaji haka. Ya ce, "To mi ak kashe su?" Wallahi ranar na koma Gwandu jiki a sanyaye.

Washegari na dawo da tambayar da ya kamata in fara da ita: yaushe suke mutuwa? Alhaji mutumin allo da alli ne, ba ya manta komai. Ya ce ranar Lahadi, da Laraba, da shekaranjiya. Matarsa Hajiya, wadda ta kawo mana fura, ta ce, "Ai duk ranakun da aka yi ruwa ne."

Na ɗaga ragar da aka rufe tafkin da ita don in ɗebi ruwan ƙasa, ta shafi fuskata. Kafin in miƙe, fuska ta ɗau zafi kamar an shafa mini barkono. Na dubi ragar nan da kyau. Jiya na ɗaga ta sau uku ban ko kalle ta ba.

"Ranka shi daɗe, wannan raga daga ina?"

Nan take ya washe baki. "Dabarata ce! Zalɓe ya addabe ni. Gidan sauro ne da aka raba mana, sababbi fil, guda huɗu, daga leda sai tafki. Da hannuna na ɗinke su."

Na ce masa maganin da ke jikin gidan sauro, wanda ke kashe sauro, kifi ba ya jure ko kaɗan daga cikinsa. Duk ruwan da aka yi, wanke shi yake yana zubawa a tafki.

Alhaji ya zauna a kan bokiti. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Oh ni! Mu sauro na cinmu, kifi na kwana a gidan sauro!"

Muka yaye ragar. Na ce sai an zubar da kashi biyu cikin uku na ruwan an sake sabo, yau ɗin nan, in ana son sauran su rayu. Injin ban ruwa kuwa duk layin mutum ɗaya ke da shi. Alhaji ya daɗe yana kallon shinge, sannan ya gyara hula ya tafi ya yi sallama, murya ƙasa-ƙasa.

Mamman ya fito da tiyo a kafaɗa, ashe duk yana jin mu. Ya ce, "Hedimasta guda! Ka yi wa kifi ɗaki, saura katifa da matashi."

"Mamman, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma har ka mutu sai na ba da labarin ga a kowane suna."

Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ni ma na taya shi, don daɗi ya kama ni sosai. Kafin la'asar ruwa ya sake, tarwada suka hau kawo baki sama suna neman abinci. Fiye da rabi suka tsira.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, ku auna ruwa, amma ku fara tambayar yaushe, ku saurari matar gida, ku dubi abin da mai tafki ya fi alfahari da shi. Kuma in ya nuna muku maƙwabci, kada ku gyaɗa kai sai kun tabbatar. Kifi in ya mutu ana sayo wani a zuba, ɗan'uwa kuwa ba a ƙyanƙyasarsa.