Takardar da Kawu Bai Karanta Ba

Kawuna ya yi shekara ashirin da bakwai yana manna takardu a allunan majalisar garinmu. A takardar aiki masinja ne, amma Mai Gam kowa ke kiransa, har shugaban majalisa. Yana da gwangwanin gam, da burushin da rabin gashinsa ya zube, da keke mai kwando a gaba. Alluna huɗu ne a hannunsa: na ƙofar majalisa, na kasuwa, na tasha da na bakin asibiti. Duk ranar da aka tashi daga zama, sakatare zai miƙo masa takardu, shi kuma ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya.

Karatunsa bai wuce firamare ba, amma ya fi wasu kansilolin sanin takardun nan. Ba ya shafa gam sai ya karanta, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Shi ya koya mini bambancinsu. Ƙuduri, in ji shi, majalisa ce ke faɗin abin da ke ranta: ta yi ta'aziyya, ta yaba wa wani, ta roƙi gwamnati ta gyara gada. Umarni kuwa abu ɗaya yake shafa, a rufe wannan shago, a kwashe waccan bola. Doka ce mai haƙori. Sai an karanta ta sau biyu a zama, a tsakani kuma a manna daftarinta kwana ashirin da ɗaya, mai ƙorafi ya kawo. In kwanakin suka cika babu wanda ya tanka, ta hau kan kowa.

Mutanen garinmu ba sa karanta allo, Kawu suke tambaya. Da ya jingine keke sai masu shaguna su ce, yau kuma me aka dafa mana? Yawanci ya ce ƙuduri ne, ba ya cizo. Ranar da daftarin doka ne kuwa, sai ya tsaya ya yi bayani dalla-dalla. Da bakinsa masu tura baro suka ji za a hana su shiga kasuwa, suka je majalisa kafin wa'adi ya cika, aka sassauta. Babu wanda ya ɗora masa wannan aiki, amma da shi yake ɗaga kai.

Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai sake aure ba. A gidanmu yake cin abincin rana. Mahaifiyata yayarsa ce, kuma tun rasuwar babanmu burodi take gasawa a wani tandu na bulo da ke tsakar gida, da itace. Da shi ta ciyar da mu biyar, da shi na yi karatu har na zama malamar makaranta. In Kawu ya shigo sai ta ce a kawo kujera, ga babban ma'aikacin gwamnati, shi kuma ya ce ai ko shugaba ba ya yin doka sai da gam ɗinsa.

Abin da ba mu sani ba, yanar ido ta fara rufe masa gani. Saura shekara uku ya yi ritaya, yana tsoron a sallame shi kafin lokaci, sai ya ɓoye. Ya koma gane takarda da tsawonta: shafi ɗaya ƙuduri, shafi uku ko huɗu daftarin doka. Sauran kuma ya cike da abin da kunnensa ya jiyo daga baranda lokacin zama.

A shekarar aka yi gobara a wani gidan burodi da ke bayan tasha, mutum biyu suka mutu. Majalisa ta zauna ta yi ƙudurin ta'aziyya, wanda Kawu ya ji da kunnensa. A zaman nan kuma, bayan an aike shi ofishin ruwa, aka yi karatun farko na dokar hana tandun itace a cikin unguwa. Sabon sakatare mai tsimin takarda ne, ya matse daftarin a shafi ɗaya da ƙananan haruffa. Kawu ya karɓi takardu biyu masu shafi ɗai-ɗai ya manna. Da Mama ta tambaye shi ko an ce wani abu a kan masu burodi, sai ya ce, "Ƙuduri ne, Yaya. Ta'aziyya ce kawai."

Kullum sai na wuce allon kasuwa in zan tafi makaranta. Ko sau ɗaya ban tsaya ba.

Bayan wata biyu duba-gari ya zo da takarda, ya ce an ba Mama kwana talatin ta rushe tandun. Da Kawu ya shigo cin abinci, Mama ta miƙa masa takardar ta ce ya karanta mata. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta, ya matsa bakin ƙofa inda haske ya fi. Muka yi ta jira. Daga ƙarshe ya ajiye ta a gwiwarsa.

"Tun yaushe?" in ji Mama.

"Shekara biyu ke nan, Yaya."

 Mama ta tashi ta je ta kwashe burodin da ke wuta.

Kawu ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya bi kansilan unguwarmu har gida sau uku, kansilan ya gabatar da maganar a zama, aka miƙa ta ga kwamiti. Kwamiti ya yi mako biyar, ya dawo da shawarar a ƙara wa masu tandu wata uku, shugaba ya ba da umarnin haka. Sakatare ya yi wa Kawu bayanin abin da ya riga ya sani: doka ba ta warwaruwa sai da wata dokar, kuma babu kansilan da zai miƙe ya kare tandun itace alhali ba a daɗe da binne mutum biyu ba. A wajen wannan roƙo ne Kawu ya faɗi gaskiyar idonsa, don a gane ba sakacin masu burodi ba ne. Kafin ƙarshen wata aka ba shi takardar ritaya.

Gidaje shida dokar ta shafa, ban da namu. Biyu sun koma bayan gari, sauran suka bar sana'ar, kuma duka suka daina amsa gaisuwar Kawu. Mama ta gwada tandun gas, burodin bai yi ɗanɗanon da aka saba ba, masu saye suka janye a hankali. Yanzu yayyena ke riƙe da ita. Ba ta taɓa yi wa Kawu gori ba, amma shi ya daina zuwa. Sai dai a aika masa da kwano ɗakinsa, wata rana ya dawo a wanke, wata rana ya dawo yadda aka kai shi.

Bayan shekara biyu aka yi masa aikin ido ɗaya, ya samu gani kaɗan. Ranar da aka cire masa bandeji ya ce in raka shi gidan Yaya. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon inda tandun yake a da, babu komai sai baƙin hayaƙi a jikin bango da igiyar shanya. Mama ta kawo masa ruwa, suka gaisa, suka tambayi lafiyar juna kamar maƙwabta. Ya sha rabi, ya ce rana ta yi, zai koma.

Ya rasu da daminar da ta biyo baya, a ɗakinsa, bayan jinyar mako guda. Daga majalisa direba ɗaya da mai shara suka zo jana'iza. Mama ba ta cika maganarsa ba. Kwanakin baya wata jikarta ta tambaye ta wa ya gina tandun da ake ba da labari, sai ta ce magini ya gina, amma ƙanenta ne ya yi jigilar bulon a kan keke, shida-shida, har kwana tara.