Sunan Nono a Bakin Baƙuwa

A kasuwar Dutse, Adda Dudu mai nono tana kallon wata baƙuwa doguwa, da sarƙar duwatsu a wuya. Wataƙila matar wani malamin jami'a ce. Ga ta tsugune gaban ƙwarya, tana nuna wa 'yarta nono tana cewa, "Intusi."

Masu fura suka tuntsire da dariya, su tusa suka ji. Baƙuwar ko gezau.

"Yarenmu ne, Bhaca, daga Afirka ta Kudu," in ji ta. "In ban koya mata ba, wa zai koya mata?"

Adda ta tuna jikokinta da Fillanci ya kuɓuce wa. Ta ciko ludayi ta miƙa wa yarinyar.

"Mu kosam muke cewa. Riƙe sunayen duka biyun, 'yar nan, ba su da nauyi."