Ranar da Adda Hilda Ta Taya Gyaɗar Namtari

Duk wanda ya san unguwar Bekaji a Jimeta ya san gidan Adda Hilda, ko bai san lambarsa ba hancinsa zai kai shi. Tun daga bakin titi ƙanshin soyayyar gyaɗa ke tarar mutum. Shekara tara ke nan ni Yusrah ina tsaye a kan kaskonta, don haka idan na ba da labarinta kada wani ya ce min “anya”. A gabana aka yi komai.

'Yar Numan ce, gajeriya, ga murya kamar lasifikar masu tallan magani. Malamar firamare ce a da, ba ta taɓa mafarkin kasuwanci ba. A shekarar 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, mutane suka kwararo Jimeta, wasu a ƙafa, wasu ko takalmi babu. Adda ta buɗe ƙofarta. Gida mai ɗaki uku ya ɗauki mutum arba'in da wani abu, Musulmi da Kirista, har a baranda ana kwana. Abin da ta iya ciyar da su da shi kunun gyaɗa ne, safe da yamma. Da gyaɗar kasuwar Jimeta ta fi ƙarfinta sai ta shiga keke ta nufi ƙauyen Namtari, a nan ta haɗu da Bappa Jalo, wani dattijon manomi wanda ba ya gaggawa ko da wuta ta kama masa riga.

Da ƙura ta lafa baƙin suka koma gida, amma ba su daina aiko da saƙo ba: a taimaka a turo musu garin kunun nan. Wasa-wasa Adda ta ajiye alli. Ta sayi injin niƙa, ta ɗauke mu mu shida, muna soyawa, muna niƙawa da shinkafa, muna ɗurawa a leda mai hotonta tana dariya, haƙora duk a waje.

Matsalarta ɗaya, surutu. Idan ta tafi Namtari sayen gyaɗa da safe, sai la'asar, ta gaida wannan, ta duba jaririn wancan, mu kuma muna zaune kasko ya huce. 'Yarta Virtue, wadda ke aikin kwamfuta a Legas, ta zo Kirsimetin bara ta ga wannan ta ce ina, ba zai yiwu ba. Ta saka mata wata manhaja a waya, wai gwanjo ne amma a juye. Adda za ta rubuta buhu nawa take so, manoma kowa ya sa farashinsa daga wayarsa, idan lokaci ya cika na'ura ta zaɓi mafi sauƙi ta saya da kanta. Idan babu wanda ya sa farashi, sai ta saya wajen wani dillali a kasuwar Jimeta. Kuma Virtue ta kulle abin, da zarar an fara ba mai tsayar da shi, don ta san halin uwarta.

Har Namtari Virtue ta je ta tara manoma tara ta yi musu bayani. Kowa ya gyaɗa kai ya ce “to”. Ni da na tashi a cikin Yola na san irin wannan “to” ɗin, amma wa ya tambaye ni?

Adda kuwa kai ya kumbura. Duk wanda ya shigo sai ta ɗaga masa waya. “Ka gan shi nan? Wannan na'ura shi ne manajana yanzu. Ni sai dai in ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya!”

Ana nan sai ga babban ciniki. Wani kanti a Abuja ya ɗanɗana garinmu ya ce a kawo masa cikin mota guda, kuma motar za ta tashi ranar Asabar. In kaya sun yi, kowane wata ne. In ba su yi daidai da wanda suka ɗanɗana ba, shi ke nan, ba na biyu. Ranar Adda ta yi rawa da ludayi a hannu har ɗankwali ya faɗi. Buhu talatin muke buƙata, kuma lallai gyaɗar Namtari, sabuwa. Ta dillalin nan kowa ya sani ta bara ce, ta fara ɗaci, kunu ɗaya za a dama a gane.

Talata ƙarfe takwas na safe ta buɗe gwanjo, zai rufe sha biyu. Ta sa kujera a tsakar gida, ta ɗora ƙafa kamar yadda ta yi alkawari. Ƙarfe tara, shiru. Ƙarfe goma, shiru. Ta girgiza wayar, ta hura mata iska, ta kashe ta kunna. Ta kira Virtue, tana cikin taro waya a rufe. Ta kira Mika'ilu, ɗaya daga cikin manoman, ya ce, “Muna nan, Madam, muna jira,” sai layi ya tsinke.

“Jiran me?” Adda ta daka wa wayar tsawa. “Yusrah, ɗauko gyalenki!”

Apollos mai keken unguwarmu muka samu yana cin ƙosai. Adda ta ƙwace ƙosan ta ce ya ci a hanya. Wallahi ban taɓa sanin keke na irin wannan gudu ba. Ina salati, tana kiran Yesu, Apollos yana rantsuwa ba zai ƙara ɗaukar mu ba. Sha biyu saura ashirin da biyar muka dira Namtari.

Abin da muka tarar har gobe in na tuna sai na riƙe ciki. Manoma tara zaune a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kowa da wankakkiyar riga, kowa ya ajiye wayarsa a gabansa yana kallon ta cikin ladabi. Bappa Jalo a tsakiya. Tun ƙarfe takwas suke nan.

“Bappa!” Adda ta yi tsalle daga keke. “Me ya sa ba ku sa farashi ba?”

“Hilda, zauna tukuna. Jam ɓandu na?” ya ce, ya soma gaisuwa da Fulatanci.

Haushi ya kusa kashe ni. Ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya tambayi Virtue, ya tambayi injin niƙa. Adda tana amsa “jam, jam” tana leƙen agogo. Minti goma cur suka tafi a gaisuwa.

Sannan ya nuna wayarsa da baki. “Abin naki ne bai taya ba.”

“Bai me ba?”

“Bai taya ba. Tun da nake ban taɓa faɗin kuɗin kayana da bakina ba. Mai saye ne ke tayawa, ni in ce albarka ko in sallama. Mun zauna mun jira shi, ko sallama bai yi ba. Waɗannan kuma ba za su buɗe baki kafin ni ba.”

Sauran duk suka gyaɗa kai. Ashe ba ƙin sayarwa suka yi ba, bayin Allah na'ura suke jira ta yi musu magana! Ranar da Virtue ta yi bayani kunya ce ta hana su ce mata ba haka ake yi ba.

Adda ta fashe da dariya har da hawaye, ta durƙusa a bakin tabarma. “To Bappa, ni ce bakinsa. Na taya, kowane buhu dubu ɗari da goma.”

“Albarka.”

Saura minti goma sha ɗaya. Ta ƙara dubu biyar. Ya ɗebi gyaɗa daga ƙwarya ya murza, ya hure ɓawon, ya miƙa mata ta ɗanɗana, ya ba ta labarin ruwan bana.

“Albarka.”

Saura shida. Na ce, “Bappa, don Allah don Annabi!” Ko kallo ban ishe shi ba. Adda ta ƙara dubu uku. Ya dubi sama, ya dubi Mika'ilu, ya gyara hula.

“Na sallama.”

Aka shiga neman tabaransa, ashe yana aljihu. Da yatsa ɗaya ya riƙa danna lambobin, ɗaya bayan ɗaya, mu duka mun rufu a kansa muna karanta masa da ƙarfi. Yana gamawa sauran takwas suka danna farashi ɗaya da nasa, ko kwabo ba wanda ya rage. Sha biyu ta buga, wayar Adda ta yi ƙara. Tun da farashi ya zo ɗaya, na'ura ta ba wanda ya fara sawa. Jalo, buhu talatin.

Apollos ya hau danna hon, ni na rangaɗa guɗa, Adda ta rungume ni muka faɗi kan tabarma. Sai da muka gama haukanmu Mika'ilu ya ce a hankali, “Madam, ai buhu huɗu ne da Bappa.”

Dariyar ta ɗauke. Virtue ta ɗauka kowane manomi sito gare shi. Adda ta dubi tsohon, tsoro ƙarara a fuskarta, don in gyaɗa ba ta iso Laraba ba, ba za mu gama suya kafin Asabar ba.

Shi kuwa tabaransa yake ninkewa. “Je ki hura wuta,” abin da ya ce ke nan.

Laraba da sassafe muna share kasko muka ji hon a ƙofa. A-kori-kura biyu, maƙare. Manoman nan tara suka sauko, wannan da buhu uku, wancan da biyar, wani da ɗaya tal, kowane buhu an rubuta masa “Jalo” da gawayi. Talatin cif. Bappa ne ya fito ƙarshe daga gaban mota, riƙe da kwano babba cike da gyaɗa, ya ajiye a gaban Adda ya ce wannan gyara ce, a ba na'ura.

Adda ta dubi kwanon, ta dubi buhunan. Ta zauna a kan buhu ta rufe fuska da zani ta yi kuka sosai, mu ma muka taya ta. Sannan ta fyace hanci ta miƙe ta ce wa muke jira, a zuba gyaɗa a kasko.

Asabar da hantsi mota ta tashi.