Sani Ya Goge Layi Ɗaya

"Sani, manhajar ta sake tsayawa. Me ka taɓa?"

"Wallahi Yaya, layi ɗaya kawai na goge. Na ga kamar ba ya aikin komai."

Wata uku muka yi muna gyara ɓarnarsa a ofishinmu na Rano, inda muke haɗa wa manoma manhajar waya. Ba mu gwada shi ba muka ɗauke shi. Kawunsa ne limaminmu, wa zai kalli idon Malam ya ce a'a?

Kora ta gagara, sai na tura shi ƙauyen Fassi ya koya wa manoma amfani da manhajar. Ya dawo da zabi biyu da jerin kurakuranmu, mu gwanaye.

Yanzu shi yake ba mu aiki, shi ke kawo mana abin da za mu gyara. Amma kwamfutata kam, ko ƙura ba zai goge mata ba.

Ku ina kuka kai naku Sanin?