Kaskon Wuta a Tantin Fata

A shekarun da Nasara ke kamun maza aikin hanyar arewa, wanda ya tafi da ƙafarsa sau da yawa a kan jaki ake maido shi. Da muka ji masu kamun sun iso ƙauyen da ke kusa da namu, can ƙasar Gangara, maigidana ya ɗaura wa takarkari kaya muka faɗa daji wajen Belbeji. Shi ne, da ni da ɗan goyona, da surukata Inna, wadda ta rantse ba za a bar ta gadin kaji ba. Ɗari ya kankama, ga ta da tari tun kaka.

Wata Buzuwa da muke ba gero tana ba mu cuku, ita ta ara mana tantin fata, irin wanda ake naɗewa a aza a kan takarkari. Da tana kafa mana shi ta ce, "Ku bar masa kafa ta gefe. Fata ba ciyawa ba ce, ba ta numfashi." Muka ce to. Mu da muka tashi a ɗakin jinka, hayaƙi ya bi ciyawa ya fice abinsa, me muka sani?

Ɗa da matarsa ba su kwana wuri ɗaya da uwa, don haka tanti ya zama na Inna. Mu muna waje, a raɓe jikin takarkari. Babbar wuta ba ta yiwuwa, don hayaƙinta zai tona mu. Ban taɓa jin sanyi irin wannan ba. Dugadugaina suka tsage har jini, ruwan salka ya gagari haƙori, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

Tarin Inna kullum ƙaruwa yake. Wata ranar da yamma maigidana ya kasa jurewa. Ya haɗa gawayi a kasko, ya fifita har ya yi ja ba hayaƙi, ya kai mata ciki. Ya bi gindin tantin kaf ya danne da rairayi, ya toshe kafar nan da zanensa.

Da na ji ɗumin da ke fitowa ta ƙofa, na aje kunya na durƙusa. "Inna, ko za ki riƙe yaron nan wurinki yau? Sanyi zai kashe mini shi."

"Wannan mijin nawa mai fitsarin kwance?" in ji ta. "Ya jiƙa mini shimfiɗa, wa zai shanya ta cikin ɗarin nan? Kai shi can." Ta juya wajen ɗanta. "Allah ya yi maka albarka. Yau kam na ji ɗumi."

Wallahi na ji haushinta. Na tura yaron cikin zanena, fata da fata, ina cewa a raina tsohuwa ta fi son tabarma da jikanta. Maigidana ya ja fatar ƙofa ya rufe ta ruf.

Da gari ya waye ba mu ji tari ba. Har ya yi murmushi, ya ce a bar ta ta huta. Sai da rana ta ɗaga ya leƙa. Tana kwance yadda ya bar ta, hannu ƙarƙashin kunci, kasko ya zama toka. Warin da ya fito daga ciki sai da ya sa kaina juyawa.

Ni na yi mata wanka da ragowar ruwan salka. Buzaye biyu suka taya maigidana sallah da haƙa kabari. Bai yi kuka ba. Ya maido mu ƙauye, ya tafi da ƙafarsa ya miƙa kansa ga masu kamun, ya ce ba shi da sauran abin ɓoyo.

Yaron nan yau furfura ce a gemunsa. Tun yana rarrafe na daina dukansa a kan fitsarin kwance, kuma har yau bai san dalili ba.