Kambun Mammani

Gidan da na tashi a Tambuwal yana bayan marina, ba nisa da ganuwa. Bayan girbi, idan an ci tuwo an yi sallar lisha, kakarmu Inna Hajo takan sa a turo mata ragowar wutar murhu bakin ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma ta zauna da mazarinta tana kaɗi. Mu jikokinta mata mu biyar mu kewaye ta muna ɓarar gyaɗa. Ita ta haifi babanmu. Ba mace ce mai yawan fara'a ba, kuma ba ta sauya murya in tana tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Kura da dila da sarki duk murya ɗaya gare su a bakinta. Duk da haka ba mai tashi sai ta ce a tashi.

Akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. Sai dai ta ajiye mazari ta ce, "Wanga ba tatsuniya ba ta. Mai jin barci shi tafi tun yanzu." Sau uku na ji shi daga bakinta, kuma ba ta taɓa ƙara masa ko rage masa komai ba.

Tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Mammani. Manomi ne, da rani kuma yana saƙa. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kuma yana da tabon ƙuna a hannun hagu tun yana yaro. Wata shekara mahara suka addabi ƙauyukan ƙasar Kebbe, suna kwashe shanu da mutane. Aka tara dakaru a Tambuwal, kowace unguwa ta ba da nata, Mammani ya rataya kwari da baka ya bi su. Da rundunar ta dawo, wasu sun zo da ƙafarsu, wasu an kawo labarin inda aka rufe su. Mammani ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. Wanda ya yi masa ganin ƙarshe ya ce ya hango shi yana gangarawa gulbi da wasu mutane, daga nan aka watse kowa ya yi ta kansa.

Ya bar matarsa, Kulu, da goyo. Ba ta shiga takaba ba tun da ba a ce ya mutu ba, kuma ba miji a ɗaki. Alƙali ya ce ba zai yanke wa mutum mutuwa ba sai da shaida, in babu shaida sai ta jira wa'adin da shari'a ta yanka. Mahaifiyar su Mammani ta hana a yi sadaka, ta kuma hana a taɓa masaƙarsa. Zaren da ya ja ya zauna a wurin har gara ta cinye shi.

Damina biyu aka yi a haka. Sai wani bafatake mai gishiri ya faɗa a kasuwa cewa mutanen Fakku sun rufe gawa bakwai bayan waccan karawar, kuma limaminsu yana ajiye da kayan mamatan. Lokacin Inna Hajo tana gidan kakanmu da 'ya'ya biyu. Mazan gidansu suka ce su za su je, wannan ba tafiyar mace ba ce.

"Nic ce musu, wa yas san Mammani ya ni? Gabana wuta tac ci hannunai," in ji Inna Hajo.

Ta matsa wa kakanmu har ya ari jaki ya raka ta. Kwana biyu suka yi a hanya.

Limamin Fakku tsoho ne mai magana a hankali. Ya ce sun tsinci mutanen a bakin gulbi bayan an janye, ba wanda ya san ko ɗaya. Sun rufe su da tufafinsu yadda ake yi wa wanda ya faɗi a fagen daga, amma kafin a saka kowanne a kabari, shi liman ya zare abu ɗaya daga jikin mamacin, ya duba kamanninsa da kyau ya riƙe a ka, ya kuma jera kaburburan a gindin wata tsamiya don kada su rikice masa. Ya ce ya san wata rana wani zai zo tambaya. Ya shiga ɗaki ya fito da tukunya, ya juye ta a kan buzu. Akwai zobe, da carbi, da wuƙa, da wasu ƙananan abubuwa. A cikinsu akwai kambu, layar nan da maza suke ɗaurawa a damtse.

Inna Hajo ba ta bukaci ta juya shi sau biyu ba. Mahaifinsu ne ya rubuta shi. Da igiyarsa ta tsinke, ita ta kitsa masa wata da zaren shuni da fari, har ƙullin da ta yi yana nan. Ta ce, "Wanga na Mammani na." Kakanmu ya yi salati, mutanen da suke zauren suka fara yi musu gaisuwa, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Ta ce ita ba ta san abin da ya sa ta tambaya ba. Ta dai ce, "Malam, mutumen da kac cire ma shi, ƙaƙa shike?"

Liman ya ce gajere ne, kakkaura, mai wushirya, na huɗu a jeri. Ta tambayi hannunsa na hagu. Ya ce shi da kansa ya kama hannun ya zare kambun, fata sumul, ba tabo ko ɗaya.

A nan Inna Hajo takan tsaya ta gyara wuta. Ba don ta ja mana rai ba, ina ganin nan ne wurin da yake yi mata nauyi.

A hanyar dawowa kakanmu ya ce mata kambun ya isa shaida. Alƙali zai karɓa, ba wanda zai tambayi tsawon gawa. Kulu za ta yi takabarta ta samu wani gidan, tsohuwa za ta yi kukanta ta huta. Ya ce bayan damina biyu ai kowa ya san Mammani ba ya duniya, wannan kawai taimakon masu rai ne. Ba mugun mutum ba ne kakanmu, kuma ta ce maganarsa ta shige ta.

"Har munka iso ƙofar gari ban san abin da za ni faɗi ba," in ji ta. "Sai nit tuna gajeren nan. Shi ma wata ta haife shi. In nic ce Mammani na, to shi ya ɓace ke nan har abada, don ba mai sake nemanai."

Da aka je gaban alƙali ta ajiye kambun, ta faɗi duk abin da liman ya faɗa, har wushiryar. Alƙali ya ce ba a samu shaida ba. Kulu ta yi shekara ba ta amsa gaisuwarta ba. Mahaifiyarsu kuwa ta ɗauki abin a matsayin albishir, ta koma zaman bakin ƙofa duk ranar kasuwa, kuma Inna Hajo ta ce wannan ya fi fushin Kulu ciwo.

Maganar gajere mai wushirya ta bazu. Bayan wata biyu wata tsohuwa ta zo daga Sanyinna a ƙafa, ta ce kamannin ɗanta ne, Sanda. Wani daga cikin dakarun da suka dawo ya tuna cewa Sanda bai taɓa fita yaƙi ba, jikinsa yana rawa da safiyar ranar, Mammani ya kwance kambunsa ya ɗaura masa. Aka kai tsohuwar Fakku, liman ya nuna mata kabari na huɗu. Kulu ta cika wa'adinta, ta auri wani maƙeri, ta haifi 'ya'ya.

Kullum a nan ɗayanmu takan ce, "To Inna, ina Mammani?"

Sai ta ce, "Ban sani ba. Ku tashi."

Ba ma son wannan labarin. Tatsuniya takan ƙare da an samu abin da aka fita nema. Ni kuma ina yarinya na ɗauka Inna Hajo ta cuci Kulu, don kalma ɗaya ce da za ta sauƙaƙa wa gida guda. Har yau ban ce Kulu ba ta da gaskiyar yin fushi ba. Abin da na gane daga baya shi ne, wanda ya fita neman ɓatacce yakan gaji har ya yarda ya karɓi kowace gawa, kuma mutanen da suke ƙaunarsa su ne za su fara cewa ya karɓa.

Shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato ina gidan mijina, malami ne mai karantarwa a zaure. Inna Hajo ta daɗe da rasuwa. Mutane suka yi ta wucewa ta garinmu da raunuka, ɗaya ya kwanta a zaurenmu ya cika kafin ya iya faɗin sunansa. Ana shirin ɗaukarsa na aika wa malam cewa ya duba shi tukuna ya rubuta abin da ya gani. Ya rubuta da ajami: tsawonsa, da tsagen fuskarsa, da irin rigarsa, da inda aka rufe shi.

Bayan shekara wata mata ta zo daga wajen Kebbe tana neman ƙanenta. Wani ya tabbatar mata cewa shi ne ya mutu a gidanmu, har danginta sun fara shirin sadaka. Na shigar da ita, malam ya tsaya bakin zaure yana karanta mata takardar. Bai kai rabi ba ta ce, "Ya isa, malam. Ba shi ba ne."

Na ba ta fura ta sha. Ta yi wa mamacin addu'a, ta gyara ƙunshin kayanta, ta tambaye ni wace ƙofa ce take fita hanyar Sanyinna.